Wata 18 muna kai Malam gwajin maganin mantuwa: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Tun da aka sallame mu daga gwajin nan a watan Agustan 2025 wayata ba ta huta ba. Yayar maigidana Malam ta kira daga Zariya, ƙanena ya turo saƙo daga Kaduna. Wata ƙawata da muka yi makarantar kwana tare, wadda surukarta ta fara fita tsakar dare tana neman gidan da aka rushe tun zamanin Gawon, ita ma ta neme ni. Tambayar ɗaya ce: "Maganin nan da ake yi wa Malam, ya yi aiki? Nawa ne? Za ki iya aiko mana?" Amsar ba ta shiga saƙon murya na minti biyu, shi ya sa na zauna na rubuta.

Sunan asibitin da na kamfanin da ya ɗauki nauyin gwajin ba zan ambata ba. Shi kuwa maganin ko suna ba a raɗa masa ba tukuna, haruffa ne da lambobi kamar lambar mota.

Malam shekararsa 69. Mun zo Ingila a 1991, ya koyar da lissafi a makarantar sakandare a wani gari na arewacin ƙasar har ya yi ritaya. A 2022 ya fara yi mini tambaya ɗaya sau uku kafin shayi ya huce, na ce tsufa ne. Ranar da jikina ya ba ni ita ce ranar da ya ja mu sallar Magariba ya miƙe zai kawo ta huɗu. Ɗanmu ya ce subhanallah, Malam ya tsaya cak, bai san me ake tuna masa ba. Likitan unguwa ya fara da gwajin jini, domin ƙarancin bitamin B12 da matsalar sinadarin maƙogwaro kan kawo mantuwa, kuma su ana warkewa. Duka lafiya lau. Aka tura mu asibitin mantuwa, a 2023 suka ce cutar Alzaima ce a matakin farko. Suka ba shi donepezil, ƙwaya ɗaya kullum da dare, suka kuma faɗa mana ƙarara cewa ba ta tsayar da cutar, ɗan ƙarin haske take yi na wani lokaci. Autarmu ce ta sa sunansa a rajistar Join Dementia Research, inda masu bincike ke neman masu sa kai. Bayan wata huɗu aka kira.

Shiga gwajin ma kansa aiki ne. Kusan mako takwas muka yi ana tantancewa. Takardar amincewa ta fi shafi talatin, Malam ya karanta ta da jan biro a hannu kamar mai duba jarrabawa, har ya gyara musu waƙafi a wuri biyu. An yi masa hoton MRI. An yi masa na PET, wanda ake zuba wa mutum wani sinadari a jijiya don a ga ko akwai amiloyid a ƙwaƙwalwarsa, domin in babu, babu abin da maganin zai je ya yi. An ɗebi jini don duba ƙwayar gado da ake kira APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar, aka samu yana da ɗaya, ba biyu ba. Sau uku mutane daban-daban suka tambaye ni ko yana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Da yana sha, da nan zance ya ƙare.

Likitar ta yi ta zana mana hotuna, ni kuwa da ƙanzo na fahimci abin. Amiloyid wani furotin ne da ke dunƙulewa yana maƙalewa tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, shekaru kafin mutum ya fara mantuwa, kamar yadda tuwo ke kamawa a gindin tukunya. Wannan magani da 'yan uwansa kankare ƙanzon suke yi: suna liƙe wa amiloyid, sai garkuwar jiki ta zo ta share. Na tambaye ta, to abin da ya riga ya ƙone fa? Ta ce ba ya dawowa. Na ji daɗin da ba ta yi mini kwana-kwana ba.

Sai kuma abin da har gobe Yaya ta ƙi yarda da shi. Rabin waɗanda ke cikin gwajin ne ake ba maganin, sauran rabin ruwan gishiri zalla ake ɗaura musu. Kwamfuta ke jefa ƙuri'a. Mu ba mu sani ba, nas ba ta sani ba, likitar ma ba ta sani ba. Yaya ta ce, "Yanzu ke da iliminki ki ɗauki ƙanena ki kai a riƙa sa masa ruwan gishiri?" Na ce, "Yaya, in kowa ya san abin da aka ba shi, ta yaya za a gane ko maganin ne ya yi aiki ko sa rai ne?" Ta ce Allah ya kyauta, ta aiko da rubutu da habbatus sauda. Rubutun ya sha. Habbatus saudar sai da na kai ta aka rubuta a fayil, domin duk abin da ya shiga bakinsa da sunan magani sai an rubuta.

Mun fara a Fabrairun 2024. Alhamis ɗaya a kowane mako huɗu, ƙarfe tara na safe. A auna nauyinsa, tunda da nauyi ake lissafa yawan maganin, a auna jini da zafin jiki, sannan a jira ɗakin magani ya haɗo ledar. Wannan jiran shi ne ciwon kai: wata rana minti arba'in, wata rana awa biyu da rabi, ba kuma wanda zai ce miki ga dalili. Ƙarin ruwan kansa kamar awa ɗaya ne, sai a riƙe shi a ga ko jiki zai yi gardama. Ba mu taɓa komawa gida kafin La'asar ba a lokacin sanyi. Kuɗin mota da na ajiye ta suna biya, amma sai an cike takarda, kuɗin kuma ya shigo bayan mako shida ko bakwai. Abincin rana burodi ne mai sanyi da cuku a tsakiya. Daga zuwa na biyu na koma ɗauko dambun shinkafa a kula.

Ma'aikatan kam ba ni da abin cewa sai alheri. Akwai wata nas 'yar Filifin da ta koyi "sannu" da "yaya jiki", ita ce kaɗai ke samun jijiyarsa a karon farko. Da ta lura muna neman wurin salla, ta samo mana wani ɗan ɗaki da ake ajiye kujerun guragu, ta kuma riƙa share mana shi kafin mu zo ba tare da mun roƙa ba. An ba ni lambar waya da ake ɗauka dare da rana. Na kira ƙarfe biyun dare sau ɗaya, likita ya ɗauka. Wanda ya san yadda ake fama kafin a ga likitan unguwa a ƙasar nan ya san darajar wannan.

Zuwa na biyu ya faɗo cikin azumi. Limamin masallacinmu ya ce malamai da dama suna ganin ruwan da ba abinci ba ne ba ya karya azumi, amma tunda likitoci suna son ya ci ya sha a ranar, ya ajiye ya rama, marar lafiya ne. Malam ya yarda da safe. Da azahar ya ga kofin shayi a gabansa ya dube ni ya ce, "Hajiya, a watan Ramadan?" Na yi bayani. Bayan rabin awa ya sake tambaya. Sau huɗu na ba shi fatawar liman a ranar.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne nawa aikin. Ba a ɗaukar mutum a irin wannan gwaji sai da wanda ke zaune da shi, wanda zai riƙa ba da shaida. Duk bayan 'yan watanni sai a raba mu ɗaki. A zaunar da ni gaban wani saurayi sa'an ɗana, da takarda a hannunsa, ya fara: Yana iya biyan kuɗin wuta da kansa? Ya taɓa ɓata a unguwa? Yana sa riga a baibai? Sai an tuna masa wanka? Ya taɓa yin fitsari a wando? Ba ni labarin wani abu da ya faru a makon nan, dalla-dalla. Sai a je a tambayi Malam labarin nan, a ga nawa ya rage a kansa.

Shekara arba'in ina rufa wa mutumin nan asiri, haka aka tarbiyyantar da mu. Ko mahaifiyata ban taɓa kai wa ƙararsa ba. A zaman farko na yi ta gyara zance: "A'a, yana ƙoƙari." "Wani lokaci ne kawai." Yaron ya ajiye biro ya ce, a hankali, in na rage, lambobin za su nuna kamar yana samun sauƙi alhali ba haka ba ne, kuma da waɗannan lambobi za a yanke hukunci a kan maganin da za a ba wasu. Daga ranar na riƙa faɗin gaskiya. Na faɗi ranar da na sami takalminsa a firji. Na faɗi ranar da ya kira Auta da sunan ƙanwarsa da ta rasu. In na fito sai in same shi a zaune a baranda da hularsa a gwiwa, ya ce, "Me suka tambaye ki?" In ce, "Lafiyarka suke tambaya, Malam." Wannan ɓangaren ya fi ƙarin ruwan da jiran da komai nauyi, kuma babu layi ɗaya a kansa a cikin shafi talatin ɗin nan.

Nasa gwajin kuma da Ingilishi ake yi, a nan nake da babban ƙorafi. A ba shi kalmomi ya riƙe, a ce ya zana agogo ya sa hannuwa a sha ɗaya da minti goma, a ce ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Malamin lissafi. A farko yana sauka har ƙasa yana murmushi, daga baya ya riƙa tsayawa a 86. Amma sau da yawa cutar kan ci harshen da mutum ya koya daga baya kafin ta taɓa na nono, Ingilishin Malam kuwa ya fara zubewa tun kafin Hausarsa ta girgiza. Wata rana aka ce ya lissafo sunayen dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya. Ya kawo uku da Ingilishi, ya yi shiru, sai ya ɓalle: kura, dila, damo, gafiya, bushiya, barewa, gada, zomo, jimina. Ina jin sa ta ƙofa. Mai gwajin ta ba shi uku. Na yi magana, aka ce ƙa'ida ce, dole a gwada kowa da harshe ɗaya kuma ba a yarda da tafinta ba, don kada ma'aunin ya karkace. Na fahimci dalilin. Amma abin da suka auna a ranar Ingilishinsa ne, suka rubuta shi a matsayin ƙwaƙwalwarsa.

Bayan ƙarin ruwa na huɗu aka yi MRI na ƙa'ida. Washegari likitar ta kira da kanta ta ce an ga ɗan kumburi a bayan ƙwaƙwalwa ta hagu, za a dakatar da maganin. Shi bai ji komai ba, ko ciwon kai. Wannan kumburi sanannen abu ne ga duk dangin magungunan nan, domin amiloyid yana maƙale har a bangon jijiyoyin jini, in ana kankare shi sai bangon ya yi rauni ya riƙa tsattsafo da ruwa, wani lokaci da ɗigon jini. A babban gwajin lecanemab, wani magani na wannan dangi, kashi 12.6 cikin ɗari na waɗanda aka ba maganin sun samu kumburin, a masu ruwan gishiri kuwa kashi 1.7. Masu APOE4 biyu, kusan ɗaya cikin uku. Yawanci yana bajewa da kansa, amma an ba da rahoton mutuwar wasu 'yan kaɗan, ciki har da waɗanda aka ba maganin tsinka jini.

Zan faɗi abin da ban faɗa wa Yaya ba. Da na ajiye wayar, kafin tsoro ya zo, daɗi na ji. Na ce ashe maganin gaske ake ba shi. Mace ta ji an ce ƙwaƙwalwar mijinta ta kumbura ta ji daɗi. Na yi istigfari, amma haka aka yi. Auta, wadda ta gaji ubanta a lissafi, ta ce, "Umma, kashi 1.7 ɗin nan ma mutane ne." Duk da haka na fi zaton yana cikin masu maganin. Ya tsallake ƙarin ruwa biyu, aka sake hoto aka ga kumburin ya baje, aka ci gaba. Cikin 19 da aka tsara, 17 aka yi masa.

Muna tsakiyar wannan, a Agustan 2024, hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba lecanemab lasisi, wanda ake sayarwa da sunan Leqembi, na kamfanonin Eisai da Biogen. Amurka ta riga ta amince da shi tun 2023. Nan take saƙonni suka fara yawo a WhatsApp cewa an gano maganin mantuwa, har ni aka turo wa sau biyar. Ga abin da aka gano. An gwada shi a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18. A ma'auni mai maki 18, masu ruwan gishiri sun lalace da maki 1.66, masu magani da 1.21. Bambancin 0.45 ne, shi ne kashi 27 cikin ɗarin da jaridu suka yi ta bugawa. Kowa gangarawa ya yi, wasu dai sun fi wasu saurin gangarawa. A ranar da aka ba da lasisin, NICE, hukumar da ke duba ko magani ya cancanci kuɗin gwamnati, ta ce amfaninsa, jinkirin kamar wata huɗu zuwa shida, bai kai tsadarsa ba. Haka ta ce game da donanemab na kamfanin Eli Lilly, ta kuma sake tabbatar da matsayinta a Yunin 2025. A Amurka a 2023 an sa kuɗin Leqembi dala 26,500 a shekara, ban da hotuna da kuɗin ɗaura ruwa duk mako biyu. Kafin su akwai Aduhelm, da Amurka ta amince da shi a 2021 cikin cece-kuce, kamfaninsa ya daina shi a 2024.

To masu cewa in aiko, ga amsarku. Namu ba ya kasuwa, ko digo ba ya fita daga asibitin. Waɗanda ke kasuwa kuma ba ƙwaya ba ce da za a sa a jakar matafiyi. Sai an tabbatar akwai amiloyid, sai cutar tana matakin farko, sai da MRI a kai a kai da likitan da ya iya karanta shi. Surukar ƙawata da ke fita da dare ta wuce matakin da za a ba ta, ko da a Landan take da kuɗi a hannu. Duk wanda ya ce zai sayar muku da shi a kwalba, ku riƙe kuɗinku ku kai tsohuwa a auna mata hawan jini da suga da ji.

Wani abu da ya tsaya mini a rai: cikin wata 18 ban ga baƙar fata ko ɗaya a kujerun nan ba sai Malam. A gwajin lecanemab ma baƙaƙe ba su kai kashi uku cikin ɗari ba. Alhali tun 1992 masu bincike suka fara kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen Amurka a Indiyanafolis, suka ga cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma APOE4 ba ta da ƙarfin tasiri a kan Yarbawan kamar yadda take da shi a kan Turawa. Ke nan abin da aka auna a jikin wasu ba lallai ya zauna daidai a namu ba. Da Malam yana cikin hayyacinsa sosai, wannan ne dalilin da ya ba ni na sa hannu. Ya ce ko ba komai a samu ɗigo ɗaya namu a jadawalin.

Ya yi aiki? Malam na yau bai kai na Fabrairun 2024 ba. Ba ya fita shi kaɗai, ya bar taɓa kuɗi, wayarsa ni ke amsa masa. Amma yana wanka da kansa, ya san 'ya'yansa ranar da ya so, kuma izu biyun ƙarshe suna nan daram a bakinsa. Ko da ba a yi masa komai ba da haka zai kasance, ko da ya fi haka lalacewa? Ba ni da Malam na biyu da zan ajiye a gefe in gwada. In ma an sayo mana wata biyar, ba su zo da tambari a goshi ba.

In maki ake so, ma'aikata da kulawa tara cikin goma. Tsarin jira da biyan kuɗin mota biyar. Gwaji da harshe ɗaya uku, daidai da abin da suka ba shi. Sallama kuwa ita ta fi ba ni haushi. Wata 18 ana kiran ki, ana auna shi, an san sunan jikokinki, sai rana ɗaya a miƙo kati da sa hannun ma'aikata a ce an gode. Namu gwajin ba shi da ci gaba da ake ba kowa maganin gaske, kamar yadda wasu ke yi. Lambar dare da rana ta daina aiki a kanmu. Aka mayar da mu layin asibitin mantuwa, inda ake ganin mutum sau ɗaya a shekara in an yi sa'a. Ko magani aka ba shi ko ruwan gishiri, sun ce za su rubuto mana bayan mutum na ƙarshe a ƙasa ta ƙarshe ya gama, an kuma rufe lissafi. Da za a mayar da ni baya zan sake sa hannu, amma zan tambayi yadda ake fita kafin in tambayi yadda ake shiga.

Wasiƙar ba ta zo ba har yau. Alhamis ɗin da ta wuce na fito daga kicin na same shi a bakin ƙofa, ya sa babbar riga da hula, ya naɗe hannun rigar hagu har gwiwar hannu. Mutumin da bai san watan da muke ciki ba. Ya ce, "Hajiya, ba za mu je wurin yarinyar nan mai sannu ba? Za mu makara." Na ce an ɗaga, Malam. Ya ce to, ya zauna a kujerar zaure da hularsa, na koma na sauke dambu.